Yadda za ka binciko ko jama'a sun karɓi aikin sola ko haƙuri kawai suke yi

Kusan duk zangon karatu sai wani ɗalibi ya turo min taken furojet ɗinsa ta WhatsApp, wai yana so ya yi bincike a kan ra'ayin jama'a game da makamashi mai sabuntuwa, sola ko iska ko makamancinsu, kuma in ka buɗe takardar tambayoyin da ya shirya tambayar farko ita ce "shin kana goyon bayan wutar sola?" To ɗan'uwa wa zai ce maka a'a? Mutumin da ya kwana cikin zafi da sauro, wanda ya ga yadda yawancin Arewa ta shafe kwana da kwanaki cikin duhu a watan Oktoban 2024 bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, wanda kuɗin fetur ɗin janareta ya gagare shi tun da aka cire tallafi a 29 ga Mayun 2023, ai ko cikin barci ka tambaye shi zai ce yana so. Za ka dawo da sakamako kusan kowa ya ce eh, ka zana jadawali mai kyau, ka yi difens ka wuce, amma wallahi ba ka gano komai ba.

Abin da ya cancanci bincike shi ne inda yardar take tsinkewa. Gonar wa aka karɓa aka kafa fanel, nawa ake biya, wa aka tuntuɓa kafin a fara, wa ke gyara in batir ya mutu. Nan aikin yake.

Fara da karatu kafin ka taka ƙafa ƙauye. Akwai wata maƙala da ta fito a mujallar Energy Policy a 2007, ta Wüstenhagen da Wolsink da Bürer, kusan duk mai rubutu a wannan fanni da ita yake buɗewa, ka neme ta a Google Scholar ka karanta ta da kanka, kar ka kwafo abin da wani ya ce ta ce. Sun raba karɓuwa gida uku. Akwai karɓuwa a matakin siyasa da ƙasa baki ɗaya, wato gwamnati da 'yan majalisa da ra'ayin jama'a gaba ɗaya. Akwai karɓuwa a wurin al'ummar da aikin zai sauka a ƙofar gidansu. Sai karɓuwa a kasuwa, masu saye da masu zuba jari. Amfanin wannan rabon a wurinka shi ne ka zaɓi ɗaya ka riƙe, don ukun nan ba sa tafiya tare, ƙasa na iya son abu ɗari bisa ɗari amma ƙauyen da za a kafa shi ya ce bai san zance ba. Ɗan digirin farko ya tsaya a na biyu, al'umma ɗaya ko biyu, ya ishe shi. Mai mastas zai iya haɗa na biyu da na uku tunda a mini-girid, wato ƙaramar tashar da ke ba gari ɗaya ko unguwa wuta, mutanen gari su ne maƙwabtan aikin kuma su ne kwastomomi.

Za ka ci karo da wata kalma, NIMBY, ma'anarta "a yi amma ba a bayan gidana ba". Da can da ita ake bayanin duk wata turjiya, wai mutane son kai ne da su. Manyan masu binciken fannin irin su Wolsink da Devine-Wright sun daɗe da nuna cewa wannan bayanin ya yi arha da yawa, galibi abin da ke tunzura mutane shi ne rashin adalci wajen yanke shawara, da rashin adalci wajen rabon amfani da wahala, da rashin yarda da masu kawo aikin, da kuma shaƙuwar mutum da ƙasar da ya gada. Don haka in ka ga turjiya kar ka yi saurin rubuta "jahilci" ko "rashin wayar da kai". Wannan kalmar ta wayar da kai ta cika furojet ɗinmu har ta zama mafaka, duk wanda bai yi aikin tono ba sai ya ƙare da ita, kuma raini ne ga mutanen da suka ba ka lokacinsu.

Ka ɗan leƙa waje don ka samu abin kwatance, amma kar ka tare a can. A Denmak dokar 2008 ta tilasta wa masu kafa injinan iska su yi wa mazauna kusa tayin kashi 20 cikin ɗari na hannun jari. A jihar Bavariya ta Jamus kuma a 2014 aka kafa ƙa'idar cewa tazarar injin iska da gidaje sai ta kai tsawonsa sau 10, abin da ya kusa tsayar da sabbin ayyuka a jihar. Waɗanda suka fi kama da namu su ne na makiyaya. A ƙasar Norway, Oktoban 2021, kotun ƙoli ta ce lasisin wasu tashoshin wutar iska biyu a yankin Fosen bai inganta ba saboda sun tauye haƙƙin 'yan ƙabilar Sami masu kiwon barewar ƙanƙara, alhali an riga an kafa injina 151. A Kenya ma cikin wannan shekarar kotu ta soke takardun mallakar filin da aka gina tashar iska ta Tafkin Turkana mai megawat 310, saboda ba a bi ƙa'ida ba wajen karɓe ƙasar al'umma. Duk wanda ya san rigimar burtali da mashaya a ƙasar nan zai gane zancen nan take.

Daga nan sai takardun gida, kuma nan ne ɗalibai suka fi kasala. In bincikenka a Najeriya ne dole ka san manufar ƙasa kan makamashi mai sabuntuwa ta 2015, da alkawarin da Buhari ya yi a taron Glasgow na 2021 cewa za a kai ga daidaita hayaƙin da ke ɗumama duniya, wato wanda ake fitarwa kar ya wuce wanda ake kawarwa, nan da 2060, da Dokar Lantarki ta 2023 wadda ta buɗe wa jihohi ƙofar tsara kasuwar wutarsu da kansu. Amma takardar da ta fi shafarka ita ce ƙa'idar mini-girid ta NERC, hukumar da ke tsara harkar lantarki ta ƙasa, ta farko 2016, aka sabunta a 2023. A cikin ta 2023 za ka ga ƙaramin da bai wuce kilowat 100 ba rajista ta isar masa, wanda ya haura zuwa megawat 1 sai da izini, kuma ana buƙatar yarjejeniya tsakanin kamfani da al'umma, in kuma wurin akwai layin kamfanin rarraba wuta to yarjejeniyar ta ɓangare uku ce. Ka ja layi a ƙarƙashin kalmar al'umma ɗin nan. Wa ya sa hannu da sunan al'umma? Dagaci ne shi kaɗai, ko kwamiti, ko wani ɗan garin da ke zaune a birni? Mutanen gari sun taɓa jin abin da takardar ta ƙunsa da Hausa? Wallahi wannan tambayar ita kaɗai ta isa mastas guda. Sai ka duba shirye-shiryen hukumar REA mai kula da wutar karkara, wanda Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 350 a 2018 da kuma shirin DARES da ya biyo bayansa, na dala miliyan 750, da aka amince da shi a Disambar 2023, don ka san daga ina kuɗin aikin da kake nazari ya fito. Kar ka manta da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa ƙasa amana a hannun gwamna, don duk maganar diyya can take komawa. 'Yan'uwanmu na Nijar ku kuma kamfanin wuta NIGELEC da hukumar wutar karkara ANPER ne ƙofarku, ga tashar Malbaza mai megawat 7 ga ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30, kuma yanke wutar da Najeriya ta yi bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya sauya yadda mutane ke kallon sola gaba ɗaya, abin bincike ne mai kyau.

Wajen zaɓen wuri, shawarata ka nemi garuruwa biyu masu kama da juna, ɗaya aikin na tafiya ɗaya kuma ya tsaya ko yana tangal-tangal. Kwatancen shi zai ba ka amsa. In manyan ayyuka ke burge ka akwai tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina, injina 37 megawat 10, wadda aka faro maganarta tun 2005 Yar'adua na gwamna, aka sace injiniyan Faransa da ke aikin a Disambar 2012, aikin ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, ka ga mutanen da suka daɗe suna kallon injina a bayan gari suna da abin faɗa. Akwai ta sola mai megawat 10 a Challawa cikin Kumbotso da aka buɗe a Janairun 2023, akwai ta Jami'ar Bayero ta 2019, akwai ta kasuwar Sabon Gari a Kano in 'yan kasuwa kake son ji. Amma dan Allah ka auna tsaro tukuna, duk hanyar da mutanen wurin da kansu ke tsoron bi kar ka bi ta saboda furojet, ka sauya gari.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani sosai, maganar harshe. Kalmar da Turawa ke amfani da ita wajen karɓuwa guda ɗaya ce, "acceptance", mu kuma a Hausa abin ya rabu. Akwai wanda ya haƙura, akwai wanda ya yarda, akwai wanda ya goyi baya, akwai kuma wanda ke cewa "wutarmu". Huɗun nan ba ɗaya ba ne ko kaɗan. Na taɓa zama da wani dattijo a zaurensa bayan la'asar, na tambaye shi yaya wutar, ya ce sai godiya, Alhamdulillahi, an taimake mu. Da takardar tambayoyi nake cikewa da na yi masa maki mafi sama na tashi. Sai muka ci gaba da hira, aka kawo fura, muka gangaro kan damina da tsadar taki, can sai ya nuna da haɓa wajen shingen wayar da aka zagaye fanel ɗin ya ce "nan gayaunar uwar yaran nan take a da". Daga nan zance ya buɗe. Ba wanda ya tambaye ta, da shi aka yi magana shi ma bayan an gama magana da manya, kuma kuɗin da aka ba su bai kai amfanin shekara biyu ba a lissafinsa. Bai taɓa kai ƙara ba kuma ba zai kai ba, don a cewarsa ba a jayayya da abin da hakimi ya sa wa albarka. To wannan mutumin ya karɓa ne ko ya haƙura? Ma'aunin nan mai hawa biyar, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam", ba zai taɓa kamo wannan ba, saboda kunya da kara da girmama baƙo duk suna tura amsa sama.

Don haka ka tambayi aiki maimakon ra'ayi. Yaushe rabonka da sa kati a mita? A watan jiya kwana nawa ka zauna ba ka saya ba, me ya hana? Janaretanka na nan ko ka sayar? In aka ce za a ƙara fanel ana neman fili, za ka bayar da naka? In ka ga yaro na jifan fanel da dutse za ka tsawatar ko za ka wuce? Da wutar ta lalace wa ka kira, kwana nawa kafin su zo? Sannan ka kasa kunne ka ji sunan da suke kiran aikin da shi, wutar gwamnati, wutar kamfani, wutar ɗan majalisa, ko wutarmu, ka rubuta shi yadda aka faɗa. Ka kuma fassara tambayoyinka zuwa Hausar yankin tun a gida, ka ba wani ya mayar da su Turanci ba tare da ya ga na asali ba don ka ga inda ma'ana ta zame, ka gwada su a kan mutum 15 ko 20 kafin ka fita. Hausar Sakkwato daban da ta Kano, kuma in akwai rugar Fulani a gefen gari ka nemi mai jin Fulatanci.

Shiga gari kuma da sallama ake yi. Takardar gabatarwa daga sashenku, izinin kwamitin ɗa'ar bincike in makarantarku na da shi, sannan ka bi ta kan hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. Amma fa ka kula, in ka bari fada ta zaɓo maka waɗanda za ka yi hira da su, muryar fada za ka kwaso. Ka yi gaisuwa, ka karɓi ɗan rakiya ranar farko, daga baya ka zaɓi gidaje da kanka, misali duk gida na biyar a kowace unguwa har da na bakin gari inda waya ba ta kai ba. Kar ka zo a motar kamfanin, kar ka sauka gidan wakilinsu, kuma ka faɗa da bakinka tun farko cewa kai ɗalibi ne, ba ka raba komai, ba ka rubuta sunan masu samun tallafi, in ba haka ba kowa zai ba ka amsar da yake ganin za ta jawo masa rabo.

Mata kuwa in ba ka ji daga gare su ba rabin bincike ka yi. Su ne ke biyan kuɗin niƙa da markaɗe, su ne ke sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya in an samu firji, su suka san ko wutar na kaiwa asuba. Namiji ba zai shiga gidan kulle ba, don haka ka ɗauki mace mataimakiya ka horar da ita sosai, ta yi zama da mata su kaɗai ba maigida a tsaye a bakin ƙofa. Ke kuma ɗaliba wannan dama ce gare ki da maza ba su da ita. Sauran waɗanda ake mantawa: mai cajin waya da janareta wanda sola ta kashe wa kasuwa, mai sayar da fetur a galan, mai walda da injinsa ya fi ƙarfin inbata, teloli, makiyayin da shinge ya tare wa hanya, wanda ke noma filin bisa aro ko haya ko jingina don haka diyya ta wuce shi ta tafi wurin mai gona, da waɗanda suka ƙi jawo wutar gaba ɗaya. Mutum biyar daga cikin waɗannan sun fi maka hamsin masu cewa sai godiya.

Maganar adadi ba ta da wahala. In garin na da gidaje 1,000, lissafin Yamane na fitar da yawan waɗanda za a tambaya, da kuskuren kashi 5 cikin ɗari zai ba ka gida 286. In kuɗinka ba zai kai ba ka rage, ka faɗi gaskiya a rubutunka, ka ƙarfafa ɓangaren hira. KoboToolbox, manhajar cike tambayoyi, kyauta ne, yana aiki a waya ko ba netwok, ya fi maka ɗaukar takardu a buhu. Ka nemi izini kafin ka naɗi murya, ka cire sunayen mutane a rubutu, don a ƙaramin gari in ka ce "wani mai walda" kowa ya san shi, wani lokacin sai ka ɓoye har sana'ar.

Lokaci ma yana sauya amsa. Wolsink ya nuna ra'ayin mutane kan yi kamar kwarin kwano, yana sama kafin a zo da aiki, ya faɗi lokacin da ake rigimar wuri da gini, ya sake hawa bayan an saba. A namu yanayin ni ina ganin akwai gangara ta biyu da ya kamata wani ya auna da kyau, wato bayan 'yan shekaru lokacin da batura suka fara gajiya ko aka ƙara kuɗin wuta. Saboda haka ka rubuta shekarun aikin, ka rubuta watan da ka je. Amsar watan azumi cikin zafin bazara, lokacin da ƙanƙara ke tsada, daban take da ta hunturu lokacin da hazo da ƙura suka rufe fanel, daban kuma da ta kaka da aljihu ke da nauyi. Da damina tsakar rana ba za ka samu kowa a gida ba, ranar kasuwa ma haka.

In ka dawo, kar ka zuba komai cikin manhajar lissafi ta SPSS ka tsaya a kashi-kashi. Raba amsoshin: masu fili da marasa fili, maza da mata, masu sana'a da masu kunna fitila kawai, waɗanda suka halarci taron farko da waɗanda ba a gayyata ba, ka ga inda bambanci ya fito. Hirarrakin kuma ka rubuta su da Hausa yadda aka faɗa kafin ka fassara, ka bi su layi-layi kana yi musu alama, wannan maganar fili ce, wannan ta farashi, wannan ta amana, wannan ta gyara. Ka je wurin kamfanin ma ka ji nasu, suna da nasu kukan na masu jan wuta ta bayan mita da tsadar kayan da ake sayowa da dala, in sun yarda su nuna maka bayanan sayen kati na wata-wata ka samu abin da za ka gwada da maganar mutane. Inda baki ya ce ana so amma mita ta nuna an daina saye, nan babinka na huɗu yake.

Shawarwarin ƙarshen furojet kuma ka ɗaure kowace da wanda zai iya aiwatar da ita da kuma takardar da za a gyara. Maimakon "gwamnati ta ƙara himma", ka ce a riƙa karanta yarjejeniya da Hausa a bainar jama'a kafin sa hannu, ko a sa kujerun mata da na makiyaya a kwamitin wuta, ko a rubuta a fili wa zai sayi sabon batir kuma daga wane asusu, ka nuna ko hukumar jiha ce ke da ikon ko NERC ko REA. Bayan difens ka taƙaita sakamakon a shafi ɗaya da Hausa, ka koma garin ka karanta musu a ƙofar fada, mataimakiyarka ta karanta wa mata a cikin gida, ka ajiye lambar mutum uku ko huɗu da izininsu, bayan wata shida ka kira ka tambaya ko wutar na kaiwa asuba har yanzu.